Idan Canjoba Ta Ƙi Aiki: Abin Da Na Koya A Minna

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wata na'ura da ake kira canjoba, wato mai sauya gida daga wutar layi zuwa ta janareta da kanta. Na san wani zai ce me ya haɗa ɗalibin harshe da wayar lantarki. Amsa ita ce, na yi hutu a Minna wurin kawuna mai gyaran wuta, na kuma ga cewa Hausa na iya ɗaukar wannan ilimi ba tare da ta yi nishi ba.

Jihar Neja gida ce ga madatsun ruwa na Kainji da Shiroro da Zungeru. Kainji ta fara aiki a 1968, Shiroro kuma a 1990. Duk da haka, masu sana'a a Minna, kamar na sauran garuruwa, ba sa rabuwa da janareta. Har yau mutane na cewa "wutar NEPA", alhali sunan ya koma PHCN tun 2005, kuma an sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013. Wannan misali ne na yadda kalma kan daɗe bayan mai ita ya shuɗe.

Canjoba tana da sassa biyu. Akwai kwantakta, su ne hannayen da ke kama wannan wuta su saki waccan, kuma an ƙera su yadda ba za su kama biyun lokaci guda ba. Akwai kuma kwantirola, wadda kawu ke kira ƙwaƙwalwa. Ita ke auna wutar layi, ta ga ko ta kai kusan bolt 230 a kowane layi, ta umarci janareta ya tashi, sannan ta sauya. To a nan tambaya take: a 'yan daƙiƙun da aka ɗauke wuta, janareta bai tashi ba tukuna, ita ƙwaƙwalwar da me take rayuwa? A yawancin irin waɗannan na'urori, da batirin tayar da janareta ne, mai bolt 12 ko 24.

Wata rana a cikin zafin Afrilu aka kira mu wani ɗakin sanyi na kifi a unguwar Tunga. Kaya na ta narkewa, mai wurin kuma har ya tambayi kuɗin sabuwar kwantirola, domin wani ya ce masa ta ƙone. Kawu ya ce a gwada a gabansa. Aka katse wutar layi. Janareta ya fara ƙugi, sai fuskar kwantirola ta mutu, ta dawo, ya sake ƙugi, ta sake mutuwa.

"Me ka gani?" in ji kawu.

Na ce, "Kawu, ai ta lalace."

Ya ce, "Ba ta lalace ba, suma take yi. Yunwa ce. Ɗauko mita."

Na ɗora mita a kan batir yana zaune, ta nuna 12.2. A ganina lafiya lau ne, tunda 12 aka rubuta a jikinsa. Kawu ya ce cikakken batir kan nuna wajen 12.6, kuma ba a yi wa batir shaida yana hutawa. Aka sake tayarwa ina riƙe da mitar, sai lambar ta faɗi ƙasa da 8. Dalili shi ne, kik yana zuƙar wuta mai yawan gaske. Idan batir ya yi rauni, ƙarfin kan zube har ƙwaƙwalwar ta mutu. Da ta mutu sai ta saki umarnin tayarwa, kik ya tsaya, ƙarfin ya dawo, ta farfaɗo ta fara daga farko. Haka za ta yi ta zagaye.

Ni da na so a sayi batir a huta. Kawu kuwa ya ce sai an san abin da ya hana shi cika. Cajar da ke ciyar da batir daga wutar layi ya kamata ta ɗaga shi sama da bolt 13, amma da aka maido wuta mitar ba ta motsa ba. Muka buɗe, sai ga ɗan ƙaramin fis ɗinta ya ƙone. Ban da wannan, kan batirin ya yi farin gari, abin da ke tare wuta a hanya. Aka kankare, aka ɗaure, aka sa sabon fis mai lamba ɗaya da tsohon, aka aro batir aka tayar kafin nasu ya yi caji. Ɗaura waya a madadin fis kuwa, wanda wasu ke yi, a ganina ganganci ne.

Akwai wata matsalar da ke zuwa ta bayan gida. Wani lokaci ga wuta a unguwa amma janareta ya ƙi tsayawa. A nan sai a duba fis-fis na wayoyin da kwantirola ke auna layi da su, domin ɗaya ya ƙone za ta ɗauka an ɗauke wuta. A duba wayar nutiral ma, don idan ta yi sako-sako awo kan rikice, wani layi ya hau wani ya sauka. Jinkirin da take yi kafin ta koma wutar layi kuwa ba cuta ba ne, da gangan aka saita shi.

Abu guda da kawu bai yarda da wasa a kansa ba shi ne, akwatin canjoba ƙofa biyu wuta ke shigo masa. Kafin hannu ya shiga, sai an katse layi, an cire janareta daga tashi da kansa, an kwance wayar batir ta nagatif, sannan a auna a tabbatar. Ranar da na manta mataki na biyu, bai bar ni na sake taɓa mita ba sai bayan kwana uku.