Me Ya Sa Ake Son Aikin Aminu Saira?

Wata mai sauraronmu daga Funtuwa ta aiko da saƙo, tana tambaya: me ya sa jama'a ke yawan yabon darakta Aminu Saira? Malama, mun gode da wannan tambaya.

Darakta dai shi ne mai ba da umarni. Shi ke faɗa wa ɗan wasa yadda zai yi, shi ke zaɓar inda za a girke kyamara. Malam Aminu Saira ɗan Kano ne, shi ya ba da umarnin fim ɗin Ga Duhu Ga Haske, da Labarina, mai dogon zango, wanda ya fara fitowa a 2020.

A ganina, sirrinsa haƙuri ne. Ba ya gaggawa. Yakan bar ɗan wasa ya yi shiru, fuskarsa ta isar da saƙo, har mai kallo ya ji abin a ransa. Sannan ya iya yanke labari daidai inda zai bar ki kina ɗokin mako mai zuwa. Wasu na ƙorafin yana jan labari, kuma suna da hujja. Duk da haka, Malama, a wajen sarrafa 'yan wasa, samun kamarsa a Kannywood sai an tona.