Yadda Ake Riƙe Hankalin Ɗalibai a Ajin Waya

Tun da korona ta rufe makarantu a Maris ɗin 2020, har gwamnatin Kaduna ta koma ba da darasi ta rediyo da talabijin, wasu malaman lesin da na Islamiyya a Unguwar Sarki ba su daina koyarwa ta waya ba. Kukansu ɗaya ne: yaro ya shigo Zoom, ya kashe kyamara, ya tafi sabgarsa.

Fara da tsayar da lokaci tare da iyaye, tunda wayar yawanci ta uwa ce ko ta babban wa. Bayan La'asar ya fi daidai, ka tashi kafin a kira Magariba a Masallacin Sultan Bello. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, wanda dama ya ishi yaro.

Ranar farko ka kafa doka a taƙaice: kowa da sunansa na gaskiya, makirfo a rufe sai wanda aka kira.

Daga nan sai babban aikin, wato kiran suna. A makarantar allo babu mai tashi sai ya biya karatunsa a gaban malam. Haka za ka yi. Kada ka tambaya "Kun gane?", domin "Eh, Malam" za ka ji ko da rabinsu na kicin. Ce, "Hafsatu, buɗe makirfo, faɗa mana me ya biyo baya." Ajiye rajista a gefenka kana sa alama, don kar yara biyu ko uku masu baki su cinye ajin. Masu kunya ka bar su su amsa a rubuce.

Kyamara kuwa, ni ban ga amfanin tilastawa ba. Tana cin data, kuma ba kowane gida ke son a leƙa tsakar gidansa ba. Ya isa yaro ya kunna ta ya nuna littafinsa, ya kashe.

Wanda aka ɗauke wa wuta ko sabis ya guje masa, tura masa taƙaitaccen saƙon murya a WhatsApp, ya ɗauki hoton aikinsa ya aiko.

Mai surutu ko tura barkwanci, rufe masa makirfo, ka yi masa magana shi kaɗai bayan darasi. Idan ya sake, kira mahaifinsa.