Kalmar Majinyaci Tsakanin Nas da Na'ura

Wannan maƙala tsokaci ce a kan yadda ma'aikatan jinya ke kallon ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin da ake yi wa tambaya su ba da amsa kamar mutum, irin ChatGPT da ya fito a watan Nuwamba na 2022. Na ɗauko misalaina daga Vinikilang, da ke ƙetaren gadar Binuwai in an baro Jimeta, inda Fulani da Bachama da Kilba da Margi kan kai kukansu gaban nas da Hausa.

Nas-nas ɗin da na zanta da su ba bakinsu ɗaya ba. Matasan cikinsu na ganin manhajar ta rage musu wahala wajen tuna aikin magani da tsara rahoto. Waɗanda suka daɗe a aikin kuwa tsoronsu shi ne kada ƙwaƙwalwa ta yi sanyi, a wayi gari nas ba ta iya yanke hukunci sai ta duba waya. A ganina, duka ɓangarorin sun tsallake wurin da haɗarin ya fi yawa.

A makarantun jinya ana koyar da matakai 5 na kula da majinyaci: tattara bayani, gano matsala, tsara kulawa, aiwatarwa, da auna sakamako. Na'ura kan taimaka daga mataki na 2 zuwa gaba, amma a kan abin da aka rubuta mata take gini. Matakin farko kuwa da kunne da ido ake yin sa, kuma rabinsa aikin harshe ne.

Mu ɗauki kalmar "shawara". In uwa ta ce jaririnta yana da shawara, ba nasiha take nufi ba, idonsa da fatarsa ne suka yi ɗorawa. Idan abin ya yi tsanani aka yi jinkiri, yana iya taɓa ƙwaƙwalwar jariri har abada. Haka "tashin zuciya" ba ciwon zuciya ba ne, alamar amai ce. "Sanyi" ta fi su wuya. Tana iya zama mura, ko ciwon gaɓɓai, ko cutar al'aura da kunya ta hana a ambata da sunanta. Ko da manhaja ta san ma'anonin nan uku, ba ta ga matar da ta sunkuyar da kai ta rage murya don mijinta na tsaye a bakin ƙofa ba. Nas ce za ta lura, ta nemi ya ɗan ba su wuri, sannan ta sake tambaya.

Akwai kuma Hausarmu ta Adamawa. Mu da muka koye ta a unguwa da kasuwa, da yawanmu ba ma bambanta jinsi, sai ka ji an ce "ya zo" alhali mace ake nufi. Wanda ya rako mara lafiya zai ce "yana da ciki, yana zubar da jini". Fassarar da ta bi nahawun Kano za ta ɗauka namiji ne mai matsalar ciki ko hanji. Nas ɗin da ta tashi a Jimeta kuwa tambayarta ta farko ita ce, "Wata nawa?"