Yawon buɗe ido a ƙasar Garwa

Garwa babban birni ne a arewacin ƙasar Kamaru. Yana bakin kogin Binuwai. A nan ne aka haifi Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, a shekarar 1924. Mutanen garin suna jin Fulatanci da Faransanci, da yawansu kuma suna jin Hausa. Saboda haka Bahaushe ba ya rasa abokin hira a kasuwa.

Lokacin hunturu ne ya fi daɗin ziyara, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Hanyoyi sun bushe, zafin bazara kuma bai sauko ba tukuna.

Ran Lahadi kasuwar Pitowa take ci, kamar kilomita 15 daga Garwa. Manoma sukan kawo dawa da masara da gyaɗa da albasa. Matan Fulani sukan zo da ƙoren nono a ka. Ga mahauta suna gasa tsire, ga masu kilishi sun baje faranti. A rumfar mai abinci akwai tuwon dawa da miyar yakuwa ko ta kuka ko ta tafasa. Wanda ya ji ƙishirwa sai ya sha zoɓo ko kindirmo.

Kudu maso gabas da Garwa, wajen kilomita 50, akwai madatsar ruwa ta Lagdo. An fara gina ta a 1977, aka gama a 1982, da taimakon ƙasar Sin. Ruwan da aka tare ya zama babban tafki. Daga nan Garwa take samun wutar lantarki. Masunta suna kama giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa. Suna sayar da ɗanye, suna kuma banda saura don a kai nesa. A ƙasan madatsar ana noman shinkafa da ban-ruwa. Amma in tafkin ya cika da damina, tilas a buɗe ƙofofinsa. Ruwan yakan bi ta Yola da Makurɗi har Lokoja, inda Binuwai ya haɗu da Kwara. A 2012 da 2022 ambaliya ta cinye gidaje da gonaki masu yawa a bakin kogin. Don haka dole a gargaɗi mutane da wuri.

Wani abin mamaki shi ne masakwa, dawar da ake nomawa da rani. Wajen ƙarshen damina manomi yakan yafa iri. In ruwa ya janye daga fadama, sai ya huda ƙasa da sanda, ya dasa, ya zuba ruwa kaɗan a ramin. Baƙar laka tana riƙe laima, ita take shayar da shukar har ta nuna. Wajen watan Fabrairu ake girbi. Ta haka iyali suke cika rumbu sau biyu a shekara.

Ƙasar Garwa ƙasar auduga ce. Kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974, a Garwa yake da babban ofishinsa. Ana gurje auduga, a matse angurya a sami man girki, tunkuzar kuma a ba shanu.

A kan hanyar Ngaundere akwai gandun dajin Binuwai, wurin kare namun daji wanda gwamnati ta mai da gandun daji na ƙasa a 1968. Akwai dorina da kada da ɓauna da gwanki da zaki. Amma namun suna cikin haɗari. Baƙar karkanda ta yammacin Afirka a arewacin Kamaru ta yi zamanta na ƙarshe, a 2011 aka tabbatar ta ƙare a duniya. A 2012 kuma ɓarayin hauren giwa suka kashe ɗaruruwan giwaye a gandun Buba Njida. Dabbar da ta ƙare ba ta dawowa.

Arewa da Garwa, kusa da garin Gidar, akwai kwazazzabon Kola. Ruwan Mayo Luti ne ya sassaƙe duwatsu baƙaƙe da farare, ya yi lunguna masu zurfi. Da rani kaɗai ake shiga, don da damina ruwa yakan rufe su.

Matafiyi mai hankali yakan gai da mutane, ya tambaya kafin ya shiga gonar wani, ba ya kuma kunna wuta a daji. Hausawa sun ce, gani ya kori ji.

Mu koyi kalmomi

Mayo: kogi, da Fulatanci.
Angurya: ƙwayar auduga.
Banda: busar da kifi ko nama da hayaƙi.

Tambayoyi

1. A bakin wane kogi Garwa take?
2. Faɗi amfani uku na madatsar Lagdo.
3. Me ya sa masakwa take nuna ba tare da ruwan sama ba?
4. Wace dabba ce ta ƙare, kuma wane darasi muka samu?

Aiki

Zana hanyar Binuwai daga Lagdo zuwa Lokoja. Sannan ka rubuta jimla biyar a kan kasuwar garinku da abincin da ake sayarwa a cikinta.