Kafin Ka Saya wa Mai Ciwon Sukari Jus, Juya Kwalin

A ɗakin da nake ba masu ciwon sukari shawarar abinci, nakan roƙe su su zo mini da fankon abin da suke ci da sha a gida. Da wuya a kawo lemon kwalba, don kowa ya san shi. Abin da ake zube mini a tebur shi ne kwalin jus mai hoton lemo da abarba, an rubuta "No Added Sugar" ɓaro-ɓaro, sai biskit mai "Sugar Free". Galibi 'ya'ya ne suka sayo wa iyayensu da tsada, don ƙauna. Abin da ke ci mini rai ke nan.

Wata dattijuwa da sukarinta ya ƙi sauka, ga shi ba ta wasa da magani, na ce mata, "Hajiya, jus ɗin nan kofi nawa kike sha?" Ta ce, "'Yar nan, safe da yamma. Ai yaron ya ce babu sukari a ciki."

Akwai. Kamfanin dai cewa ya yi bai zuba na buhu ba, amma 'ya'yan itacen sun zo da nasu. Ruwan lemo zalla yana da kusan giram 8 zuwa 9 na sukari a kowace mililita 100, lemon kwalba kuwa 10 zuwa 11. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Kuma da aka matse shi, an zubar da tuƙar da ke rage masa saurin shiga jini. Shi ya sa a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa jus da zuma cikin sukarin da za a taƙaita: kada babba ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato cokalin shayi 12, in ma da hali ya tsaya a 6.

Lissafin ba wuya. Juya kwalin, nemi layin da aka rubuta "sugars", ka raba adadin gida 4, cokali nawa ne ya fito. Sai dai a kula, wasu kan rubuta na kofi ɗaya ko na biskit biyu kacal, alhali wa yake buɗe leda ya tsaya a biyu? Layin giram 100 shi ne abin dubawa.

Jerin kayan haɗi ma yana tona asiri, domin abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Amma sukari kan shigo da sunaye daban-daban: glucose syrup, dextrose, fructose, maltose, fruit juice concentrate. In an rarraba shi haka, kowanne sai ya koma can ƙasan jeri, mai saye ya ɗauka kaɗan ne.

Shi kuwa biskit ɗin, ko da gaske babu sukari, fulawa ce, kuma fulawa sukari take komawa a jini. Wasu ana zaƙaƙa su da sorbitol, wanda in an ci da yawa yake sa kumburin ciki da gudawa. Lambar NAFDAC da mutane ke nuna mini shaida ce cewa an yi wa kaya rajista, ba ta nufin ya dace da mai ciwon sukari.

A ƙasar Chile, tun 2016 doka ta tilasta manna baƙin tambarin gargaɗi a gaban kayan da aka ƙara wa sukari har ya wuce kima. Ina fatan ganin haka a nan, musamman saboda iyayenmu da ba sa karanta Turanci. Kafin nan, rubutun bayan kwali ƙanana ne ƙwarai, idon tsoho ba ya kama su. Ɗauki hotonsa da waya, ka buɗa shi, ka karanta wa Baba ko Mama kafin a zuba a kofi.