Man Kwakwa Ko Man Kifi Ga Karen Da Gashinsa Ke Zuba?

Ran kasuwar da ta wuce wani mai shago ya tare ni da kwalba biyu a hannu, ɗaya ta man kwakwa, ɗaya ta ƙwayoyin man kifi. Ya ce karen da ke yi masa gadi gashinsa yana zuba, fatarsa ta yi furu-furu, an kuwa ce masa waɗannan su ne magani. Wanne zai ba shi? Na ga ya kamata in amsa a nan, gama manomi da maharbi da ɗan kasuwa duk suna cin moriyar kare, amma kaɗan ne ke duban jikinsa.

Tun ba ka sayi mai ba, fara duba karen. Yawancin abin da ke tsige gashin kare a ƙasarmu ƙazwa ce, da ƙuma, da kaska, da tsutsar ciki. Ita ƙazwa wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, wanda ido ba ya gani. Yakan haƙa rami cikin fata ya zuba ƙwai. Takan soma daga gefen kunne da gwiwa da ƙasan ciki, sai ka ga kare yana susa dare da rana. Ko garwa guda ta mai ka ɗura masa, ƙwaron nan ba zai mutu ba. Sai ka kai shi asibitin dabbobi, a kankari fatar a duba, a yi masa allura. A hana yara wasa da shi, don tana kama mutum. Masu shafa wa kare baƙin man mota kuma su bari. Lashewa ya ke yi, guba ce.

To, in an raba shi da ƙwari da tsutsa, gashin bai yi kyau ba, sai a dubi abinci. Karen da ba ya samun kome sai ƙanzo da dusa lalle fatarsa ta bushe. Akwai iri biyu na maiƙo da jikinsa ba ya iya yi da kansa, tilas sai daga abinci. Masana suna kiransu omega-6 da omega-3.

Na farkon shi ne ke riƙe damshin fata, ya sa gashi sheƙi. A nan ne man kwakwa ya gaza. Abin da ke cikinsa na omega-6 bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, man gyaɗa kuwa yana da wajen kashi 30. Watau ka biya kuɗin mota an ɗauko maka mai tun daga Badagry, alhali ga wanda ya fi shi a wurin mai ƙuli-ƙulin unguwarku! Amfanin man kwakwa a wajen shafawa ya ke, a tafin ƙafa da ya tsage ko wurin da ya bushe. Kaɗan a ke shafawa.

Man kifi shi ke da omega-3, aikinsa kuwa rage kumburi da ƙaiƙayi. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 1000 a rana ta ishi kare mai nauyin kilo 15, a huda ta a matse cikin abinci. Wanda ba shi da halin saye ya dafa kifin teku, kamar titus, ya cire ƙaya, ya ba shi ɗan yanki sau biyu a mako. Amma fa a lura, man hantar kifi dabam ne. Yana da bitamin A da D da yawa, su kuwa taruwa su ke yi a jiki har su cuce shi.

Man gyaɗa a fara da rabin ƙaramin cokali, bayan mako guda a kai cokali ɗaya, kada a wuce haka. Mai in ya yi yawa yakan kawo zawo da amai, wani lokaci ma ciwon ciki mai tsanani da kan kashe kare. A ajiye kwalba a inuwa, in ta soma wari a zubar. Sai an yi haƙuri kuma, don akan yi mako shida zuwa goma sha biyu kafin a ga sabon gashi.

Shi mai shagon nan, da na bi shi gida na ɗaga kunnen karen, sai ga ɓawon ƙazwa jere a gefensa. Na ce ya ajiye kwalaben tukuna, gobe da sassafe mu tafi asibitin dabbobi.