Darasi Na Goma Sha Huɗu: Gurnanin Amfilifaya da Yadda Ake Gano Tushensa

A gidaje da yawa na birnin Maiduguri akwai na'urar da ake kira amfilifaya. Aikinta shi ne ta karɓi sauti mai rauni daga rediyo ko talabijin ko wayar hannu, ta ƙara masa ƙarfi, sannan ta miƙa shi ga sifika, wato amsa-kuwwa. Da ita ake sauraron labarai da karatu da waƙoƙi, irinta ce kuma ake gani a masallatai da majami'u da wuraren walima. Amma wani lokaci da zarar an kunna ta, tun kafin a sa mata komai, sai a ji wata ƙara mai kauri tana fitowa, zuuu, ba ta hawa ba ta sauka. Wannan ƙara ita za mu kira gurnani a cikin wannan darasi. Mutane da yawa da sun ji ta sai su yanke hukunci cewa na'ura ta lalace, su kinkime ta zuwa wurin mai gyara, ko su doshi kasuwar Monday Market neman sabuwa. Sau da yawa kuwa lafiyar na'urar ƙalau, laifin yana wani wuri daban.

Domin mu fahimci gurnani, sai mun fara sanin halin wutar lantarki ta gida. Wannan wuta ba ta tafiya gaba kawai kamar ruwan kogi. Kai da komowa take yi a cikin waya. A Nijeriya tana yin wannan kai da komowa sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, ƙarfin turinta kuma kimanin bolt 230 ne. A Amurka sau 60 take yi. Ma'aunin da ake ƙirga wannan maimaici da shi ana kiran sa Hertz, domin tunawa da Heinrich Hertz, wani masanin kimiyya Bajamushe da ya rayu daga 1857 zuwa 1894. Kunnen ɗan Adam yana iya jin duk abin da ke karkarwa daga kimanin sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. Ke nan idan ɗan kaɗan daga kai da komowar wutar gida ya kutsa cikin hanyar da sauti yake bi, amfilifaya ba za ta bambance shi da muryar mai karanta labarai ba. Za ta ƙara masa ƙarfi kamar yadda ta saba, sifika kuma ta fitar da shi. Gurnani, a taƙaice, muryar wutar lantarki ce da kanta.

Mazauna Maiduguri sun fi mutanen garuruwa da dama sanin cewa wuta suna ta tara. A watan Janairun 2021 'yan ta da ƙayar baya suka lalata turakun babban layin da ke kawo wuta daga Damaturu, birnin ya shiga duhu. Aka gyara layin a ƙarshen watan Maris, bayan 'yan kwanaki aka sake karya shi, mutane suka shafe watanni da yawa babu wutar gwamnati. A wannan tsakani ne gidaje da shaguna suka ƙara dogara ga janareta da faifan sola da inbata. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar gaggawa mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda kamfanin mai na ƙasa NNPC ya gina domin birnin. Saboda haka a yau amfilifaya guda takan sha wuta iri uku a yini ɗaya: ta layi da safe, ta sola da rana, ta janareta da dare. Kowace kuwa da irin ƙarar da take iya haifarwa.

Matakin farko na bincike ba ya bukatar sukurdireba. Kunne kawai yake bukata. Ku matsa kusa ku saurara: daga sifika ƙarar take fitowa, ko daga jikin akwatin amfilifaya? A cikin akwatin akwai ƙaramar taransifoma mai rage ƙarfin wuta, ƙarafunanta kuma sukan yi 'yar karkarwa idan wuta na ratsa ta. Idan ƙusoshin da suka riƙe ta sun saki, ko an ɗora akwatin a kan allon katako mai amsa amo, sai a ji ta a ɗaki. Wannan ba ya shafar sauti, kuma ba abin tayar da hankali ba ne matuƙar akwatin ba ya zafi fiye da kima. Ku kuma lura kada ku rikita gurnani da wasu ƙararraki biyu. Akwai kuka mai tsini da ake ji idan makirufo ya fuskanci sifika, kamar yadda yakan faru ana tsakiyar jawabi a wurin ɗaurin aure. Akwai kuma tit-tirit, tit-tirit da ake ji idan wayar hannu tana kusa da na'ura kuma kira zai shigo. Maganin na farko a juya makirufo, maganin na biyu a janye wayar.

Idan daga sifika ne, sai ku kama mamurɗin murya ku rage shi har ƙarshe. A nan ne ake samun babbar alama. In gurnanin ya ragu tare da muryar, to ta ƙofa ya shigo, wato ta wayoyin da ke kawo sauti, ko daga na'urorin da aka jona. In kuwa ko gezau bai yi ba, an rage murya yana nan, an ƙara yana nan yadda yake, to zato ya fi karkata ga cikin amfilifayar kanta. Domin tabbatarwa, ku kashe na'ura, ku cire duk wayoyin da ke shigo da sauti, ku bar ta daga ita sai sifikunta, sannan ku sake kunnawa. Idan kuka ji tsit, amfilifaya ta wanke kanta daga zargi. Sai ku riƙa mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kuna kashewa kafin kowane jonawa, har ku kai ga wadda ta dawo da ƙarar. Wanda ya mayar da su duka a lokaci guda ya ɓata aikinsa, domin ba zai san wacce ce mai laifi ba.

Mafi yawan lokaci mai laifin ita ce wayar talabijin ko ta dikoda, dalilin haka kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Filogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi, irin na Ingila, ƙafarsa ta sama mai tsawo ita ce ta wayar ƙasa. Wannan waya tana haɗa jikin na'ura da wani ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa a gefen gida, domin idan wuta ta ɓalle a ciki ta bi ta can maimakon ta bi ta jikin mutum. To, ku ɗauka an jona amfilifaya a soket na wannan bango, talabijin da dikoda a soket na wancan bango, ga kuma wayar da ta sauko daga faifan tauraron ɗan Adam da ke kan rufi. Kowace na'ura ta sami tata hanyar zuwa ƙasa, sannan wayar sauti ta haɗa su wuri guda. An sami zobe ke nan. Da yake hanyoyin nan ba sa zama daidai wa daida, sai wata 'yar ƙaramar wuta ta riƙa zagaya zoben, ta bi ta wayar sauti, amfilifaya kuma ta ɗauke ta a matsayin sauti. Masu sana'a suna kiran wannan zoben ƙasa. Magani mafi sauƙi shi ne a jona duk na'urorin a wuri ɗaya, a soket mai baki da yawa mai kyau. In hakan bai wadatar ba, akwai wata 'yar ƙaramar na'ura mai raba tsakani da ake sa wa a wayar sauti ko a wayar faifan, tana barin sauti ya wuce, tana tare wutar da ke zagaye.

Akwai wata dabara da ta yaɗu wadda ya kamata a yi tir da ita: a karya ƙafar filogi ta sama, ko a tura wayoyi tsirara cikin soket da tsinken ashana. Gaskiya ne wani lokaci gurnani yakan ɗauke, tunda zobe ya yanke. Amma abin da aka yanke shi ne kariyar mutanen gida. Ranar da waya ta goge a ciki ta taɓa jikin akwati, duk wanda ya ɗora hannu, ko da yaro ne mai rarrafe, shi ne zai zama hanyar wuta zuwa ƙasa. Haka kuma idan kun taɓa akwatin kuka ji yar a yatsa, kada ku ce ai ɗan kaɗan ne. Ku cire filogi ku kira ma'aikacin lantarki ya duba wayar ƙasa ta gidan. Busasshen rairayi irin na Maiduguri ba ya karɓar wuta da sauƙi kamar ƙasa mai laima, shi ya sa ƙarfen da ya yi aiki da kyau da damina zai iya gazawa da bazara, in ba a kafa shi da zurfi ba.

Wayoyin sauti su ma suna da nasu rabon. Waya ta gari tana da wata raga ta ƙarfe a ƙarƙashin robarta, wadda ke kare sautin daga wutar da ke kewaye. In ragar ta tsinke a wuya, ko bakin wayar ya yi tsatsa, kariya ta tafi. Ƙurar hunturu takan cika ramukan jonawa, a unguwannin da ruwa ya mamaye lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024 kuwa, kayan lantarkin da suka jiƙa sun ci gaba da tsatsa ko bayan sun bushe. Idan sifika ɗaya ce kawai ke gurnani, ku musanya wayoyin sauti na hagu da na dama a bayan amfilifaya. In ƙarar ta koma ɗaya sifikar, laifin yana waje, a wayar ko a na'urar da ta fito daga gare ta. Kada kuma a ɗaure wayar sauti da wayar wuta a dami ɗaya don neman tsari. In dole ne su haɗu, to su gitta juna. Cajar waya mai araha, doguwar fitila mai ƙyaftawa da mamurɗin fanka duk sukan zuba ƙara, kashe su ɗaya bayan ɗaya zai nuna wanda ke yi.

Sai batun tushen wutar. Ƙaramin janareta sai injinsa ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da kai da komowa 50 a daƙiƙa. Da an ɗora masa kaya mai nauyi, kamar dutsen guga, sai gudunsa ya ragu, a ji gurnanin yana lilo tare da kukan injin. Inbata kuma iri biyu ce. Mai tsada tana fitar da wuta mai santsi kamar ta layi, mai araha tana fitar da ita a guntule, hawa-hawa, wannan ne ke sa ziza mai kaifi a sifika da taransifoma. Gwajin mai sauƙi ne: a saurari na'urar a kan kowace wuta. In a kan inbata kaɗai take ƙara, kai ta wurin mai gyara asarar kuɗin Keke Napep ne kawai.

Idan duk wannan bai kama ɓarawo ba, saura cikin akwati. Amfilifaya tana aiki ne da wuta mai tafiya hanya ɗaya, irin ta batir, don haka akwai sashen da ke miƙar da wutar gida, da wasu manyan kafasito masu kama da ƙananan gwangwanaye, waɗanda ke cike guraben da suka rage. A cikinsu akwai wani ruwa da zafi ke busarwa a hankali, kuma masana suna kiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin kwanansu. A garin da zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, na'urar da aka kulle cikin kabad ko aka lulluɓe da ƙyalle tana aiki ba za ta yi tsawon rai ba. In kafasito suka gaji, sai a ji gurnani a sifiku biyu, mai ɗan tsini kaɗan domin sau 100 yake bugawa a daƙiƙa, kuma bai damu da mamurɗin murya ba. Wannan aikin mai gyara ne. Kafasito yana riƙe wuta a cikinsa ko bayan an cire filogi, yana kuma iya jan mutum da ƙarfi.

Amfanin binciken da kuka yi shi ne za ku isa shago da bayani a baki. Dubi wannan misali:

"Salamu alaikum, Baba. Amfilifayarmu ce take gurnani."

"Wa'alaikumus salam, samari. In an rage murya yana raguwa?"

"A'a, Baba, yana nan daram. Na cire duk wayoyi, na gwada a wutar layi da ta janareta, duk ɗaya, kuma sifiku biyun ne."

"Madalla, ka rage mini rabin aiki. Bari in auna kafasito. In na ga kawunansu sun kumbura, sai mu canza su."

Nazarin harshe

A cikin darasin an yi amfani da kalmomin amsa-kama, wato kalmomin da ke kwaikwayon sauti ko zana yanayi: zuuu, tsit, ƙalau, yar, daram. Ku lura cewa kowace tana da kalmomin da take tafiya da su. Ana cewa "ya yi tsit", "lafiya ƙalau", "yana nan daram".

Tambayoyi

1. Me ya sa gurnanin da ake ji a Nijeriya ya bambanta da wanda ake ji a Amurka?
2. Wane abu ne rage murya yake bayyana wa mai bincike?
3. Bayyana yadda zoben ƙasa yake samuwa, da hanyar magance shi ba tare da an karya ƙafar filogi ba.
4. Ta yaya zafi da ƙura da rairayin Maiduguri suke shafar kayan sauti?
5. Mene ne ma'anar "ko gezau", "suna ta tara" da "daidai wa daida"? Gina jimla da kowace ɗaya.
6. Rubuta gajeriyar tattaunawa tsakanin wata uwar gida da ma'aikacin lantarki, inda take bayyana masa cewa jikin amfilifayarta yana jan mutane.